Jagora ga Mai Fama da Raunin Sabis a Barkiya da Kewayenta

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya har zuwa yau, da ɗalibi ba ya samun gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita face sunansa ya bi ta intanet, ɗan kasuwa kuma ba ya sakin buhun gero sai ya ga alat ya shigo, sha'anin sabis ya fita daga sahun abubuwan marmari ya shiga sahun larurori. Mutanen Barkiya, da 'yan'uwansu na Birchi da Wurma da Tsauri da Rawayau, ba sa bukatar a kafa musu hujja a kan haka, domin a watan Satumba na 2021, sa'ad da gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda ta'asar 'yan bindiga, Kurfi da Dutsin-Ma suna daga ciki, har aka shiga watan Disamba wanda ke son jin muryar ɗansa da ke Kano sai ya biya kuɗin mota ya fita daga yankin tukuna. Wannan lokaci ya wuce, sabis ya dawo, amma ya dawo ne da rauninsa da jinkirinsa na da, ta yadda mutum zai sayi data da halaliyarsa, ya zauna yana kallon ɗan da'irar nan tana juyawa a fuskar waya har wa'adin datar ya cika bai ci moriyarta ba.

Raunin sabis illoli uku ne mabambanta, ko da yake a idon mai waya kamanninsu ɗaya, kuma kowace da maganinta. Wanda bai rarrabe su ba yakan kashe kuɗi a kan maganin cutar da ba ita ke damunsa ba. Kafin a gane su, wajibi ne a san hanyar da saƙo ke bi. Mafi yawan abin da muke karantawa ko muke kallo a intanet yana shigowa ƙasar nan ne ta manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka soma aiki a 2010, waɗanda suke fitowa tudu a Legas. Daga can sai wayoyin gilashi da aka binne a gefen tituna su ɗauko shi zuwa Arewa, su kai shi ga ƙarfen sabis, wani ƙarfen kuma, musamman na ƙauye, daga ɗan'uwansa yake karɓa ta waɗannan faya-fayen masu kama da ganga da ake gani maƙale a jikinsa, sa'an nan daga ƙarfen ya biyo iska ya iske wayar da ke hannunka. Saboda haka matsala ko dai tana tsakaninka da ƙarfen, watau nisa da shamaki. Ko tana kan ƙarfen kansa, watau cunkoson jama'a. Ko kuwa tana bayansa, kamar man injinsa ya ƙare, ko an sace batiransa, ko masu aikin hanya sun datse wayar da ke ciyar da shi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, wanda ke zaune a Barkiya yana kashe wayarsa yana kunnawa alhali illar tana ƙarƙashin ruwa.

Hanyar rarrabewa ba ta da wuya ga mai haƙuri. Da farko ka dubi harafin da ke saman wayarka kusa da sandunan sabis. In ka ga E, to kana kan tsohon layi ne, wanda ya isa kira da saƙon tes da ɗan rubutun WhatsApp, amma bai isa bidiyo ba. In H ce ko H+, kana kan 3G. In kuwa 4G ko LTE aka rubuta, ka sami mafi kyawun abin da ake samu a ƙauyukanmu, domin 5G da aka ƙaddamar a 2022 har yanzu abin manyan birane ne. Sandunan nan kuma kada ka ba su cikakkiyar amana, domin kowane kamfanin waya da yadda yake zana su. Shaidar da ta fi su adalci tana cikin saitin, a sashen bayanin waya, inda ake nuna halin da sim yake ciki: za ka tarar da wata lamba mai alamar ɗebewa a gabanta da haruffan dBm a bayanta. A kan 4G, in ta tsaya wajen 80 zuwa 90 sabis yana da ƙarfi, in ta kai 105 ya raunana, in ta haura 115 saura ƙiris ya ɗauke. A nan ƙaramar lamba ita ce alheri.

To, da wannan lamba za ka yanke hukunci. In ta yi muni a cikin ɗaki, ta gyaru da ka fito tsakar gida, ta ƙara gyaruwa da ka hau tudu, kuma haka take safe da yamma, illarka nisa ce da shamaki. In lambar tana da kyau, sanduna sun cika, amma tsakanin Magariba da bayan Isha'i, ko ranar kasuwa, ko ranar Sallah, komai ya tsaya cik, sa'an nan bayan Asuba ya riƙa gudu, illarka cunkoso ce. In kuwa sabis ya ɗauke gaba ɗaya farat ɗaya, ka tambayi maƙwabta masu irin layinka suka ce su ma haka, to matsalar tana bayan ƙarfe, babu saitin da za ka taɓa ya gyara ta, sai dai ka koma wani layin ko ka jira.

Mu ɗauki ta farko, wadda ita ce ta fi yawa a garuruwan da ba su da ƙarfe nasu na kansu. Ƙasar nan tamu ƙasa ce mai duwatsu da tuddai, kuma dutse guda da ya gitta tsakaninka da ƙarfe ya isa ya hana ka abin da maƙwabcinka na bayan masallaci yake samu a sauƙaƙe. Bayan dutse sai rufin kwano, wanda yake mayar da sabis baya, sai katangar ƙasa mai kauri, sai manyan itatuwa idan sun yi ganye da damina. Abin yi shi ne ka san wajen da ƙarfen layinka yake, ko ta Kurfi ne ko ta Dutsin-Ma ko ta wani gari, sa'an nan ka zagaya gidanka da wayarka a buɗe a kan wannan lamba, kana tsayawa kamar minti guda a kowane wuri domin ba nan take take canzawa ba, har ka gano inda ta fi kyau. Galibi za ka same shi a tagar da ke fuskantar ƙarfen, ko a kan katanga, ko a saman soro. Idan ka gano wurin, ba lalle ne ka mayar da shi mazauninka ba: ka ajiye waya guda a nan cikin inuwa, ka kunna mata hospot, ka koma tabarmarka da wata wayar ko kwamfuta kana jan intanet daga gare ta. Sai dai a kula da zafin rana, domin wayar da ke hospot da ma tana ɗaukar zafi, in rana ta ƙara mata batirinta zai kumbura.

Wanda yake da hali, kamar mai shagon POS, ko makarantar Islamiyya, ko ɗakin shan magani, ya fi masa ya sayi rauta mai cin sim wadda ke da mahaɗin eriya ta waje. A ɗaura eriyar a kan dogon bututun ƙarfe ko gora mai ƙwari har ta zarce rufin gida, a fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis, mutum ɗaya yana juya ta sannu sannu, wani yana ƙasa yana karanta lamba, inda ta fi kyau sai a ɗaure tamau. A taƙaita tsawon wayar da ke tsakanin eriya da rauta gwargwadon iko, domin duk tsawon da aka ƙara yana cinye wani kaso na abin da eriyar ta kamo. Rauta ba ta cin wuta da yawa, ɗan faifan sola da ƙaramin batir sun riƙe ta. Idan hadari ya taso ana walƙiya, a zare wayar eriya daga jikinta, saboda dogon ƙarfe a kan gida yana jawo tsawa. Akwai kuma wata na'ura da ake tallatawa a kasuwanni da sunan mai ƙara ƙarfin sabis, wadda take kamo shi ta sake watsawa. Wannan na'ura kuwa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta hana sayar da ita da amfani da ita ba da izini ba, kuma hanin yana da hujja, domin takan gyara wa gida ɗaya ta dagula wa unguwa, ga shi cutar da maƙwabci ba ta halatta ko da babu dokar hukuma.

A nan ya kamata in tsaya in yi wa samarinmu nasiha. Na san kusan kowane gari yana da dutse ko tudu ko gindin wata bishiya a bayan gari da aka sani da kyawun sabis, kuma a can ake taruwa da dare. A halin da yankin Kurfi da Safana da Batsari ya sami kansa a shekarun nan, fita bayan gari da dare da hasken waya a hannu ganganci ne, kuma babu saƙon da ya kai rai daraja. Wanda zai je, ya je da rana, cikin jama'a, ya gama abin da ya kai shi ya dawo.

Akwai wasu ƙananan gyare-gyare da suke cikin wayar kanta. A wurin da 4G yake da rauni, waya takan yi ta tsalle tsakaninsa da 3G da E, kowane tsalle kuwa yana katse abin da kake saukewa yana kuma shan caji. Sai ka shiga saitin layi ka tsayar da ita a kan wanda ya fi zama daram, ko da 3G ne. Wanda ya kulle ta a kan 4G zalla ya sani cewa a wayoyi da yawa kira ba zai shigo ba har sai ya sake ta. Tsohon sim da aka saya tun kafin zuwan 4G ba ya hawa kansa, sai an je ofishin kamfani da lambar NIN an sauya shi, lambar wayarka kuma tana nan ba ta canzawa. Haka nan ba kowace waya ce ke kama dukan zangunan da kamfanoni ke watsa 4G a kansu ba, alhali na ƙasa-ƙasa, irin 700 da 800, su ne suke cin nisa suna ratsa katanga, su ne kuma abin bukatar mutumin ƙauye. Saboda haka kafin ka biya kuɗin waya, musamman ta hannu, ka duba kwalinta, ko ka nemi a sa mata sim ɗinka a gwada a garinku.

Illa ta biyu, watau cunkoso, misalinta misalin rijiya ce guda a gari: ruwanta bai ragu ba, guga ne ya yi yawa a bakinta, wanda ya yi sammako kuwa shi ke cika tulunsa ba da hayaniya ba. Ƙarfen sabis yana da iyakar abin da zai iya rabawa a lokaci ɗaya, in mutum ɗari suka hau sai a kasa shi ɗari. Saboda haka duk aiki mai nauyi, kamar cika fom na makaranta, ko ɗora takardu, ko sauke karatu, ko sabunta manhaja, a jinkirta shi zuwa bayan sallar Asuba ko tsakar dare, lokacin da kamfanoni ma suke da tsarin data mai rahusa. Dabara ta biyu ita ce riƙe layi biyu na kamfanoni dabam-dabam. Ba zan ce wa kowa MTN ya fi ko Airtel ko Glo ba, domin wanda ya fi a wannan unguwa shi ne yake kasawa a waccan, hukuncin yana ga wurin da ƙarfe yake da yawan masu hawansa. Ka sayi data ta kwana ɗaya a kowane layi, ka gwada da safe da yamma da dare a inda kake kwana da inda kake sana'a, sai bayan nan ka sayi ta wata guda, musamman tun da aka amince wa kamfanoni ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kuskuren saye ya ƙara tsada. Tun 2023 lambobin sun zama bai ɗaya a duk layuka: *312# don sayen data, *323# don duba abin da ya rage, *310# don duba kuɗin kira. Wanda kuma ya tabbatar wani kamfanin ya fi masa, amma yana jin ɓacin rabuwa da lambar da aka san shi da ita, tun 2013 an ba da damar ƙaura da lamba daga kamfani zuwa kamfani.

Yanzu sai mas'alar da nake ganin ta fi kowace fa'ida, ga shi ba ta cin ko kwabo, watau rage wa layi kaya. Ana auna gudun intanet da megabit a daƙiƙa, ana auna nauyin kaya da megabait, megabit 8 ne kuma suke yin megabait guda. Ke nan in gudunka megabit 1 ne, bidiyo mai megabait 100 zai ci minti 13 da 'yan kai, in kuwa kana kan E zai haura awa guda, in ma bai katse a hanya ba. Wanda ya fahimci wannan lissafi zai daina ɗora wa layinsa abin da ba zai iya ɗauka ba. Ka shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, domin zaurukan dangi da na siyasa su ne suke cinye data mutum yana barci. Ka hana manhajoji sabunta kansu sai da izninka, ka kunna tsarin tsimin data da ke cikin waya, ka yi amfani da Facebook Lite da Opera Mini maimakon manyan 'yan'uwansu. A YouTube ka sauko da ingancin hoto zuwa 240 ko 360. Tafsiri ko karatun littafi na awa guda, in murya ce zalla, bai cika wuce megabait 30 ba, alhali bidiyonsa yakan ninka haka sau goma, ga shi abin da ake nema a wajen malami maganarsa ce. Kuma israfi ne mutum ashirin a gari ɗaya kowa ya sauke karatu iri ɗaya da kuɗinsa: wanda zai shiga Dutsin-Ma ko Katsina ya sauko da shi a can inda sabis ke da ƙarfi, ya dawo ya raba wa saura ta Xender ko Bluetooth, waɗanda ba sa cin data ko kaɗan.

Sha'anin kuɗi yana bukatar tsantseni na musamman, kamar yadda ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya koya wa kowa. Manhajar banki tana son sabis mai ƙarfi, amma lambobin bugawa, irin *894# na First Bank, da *919# na UBA, da *901# na Access, suna aiki a kan E, har a ƙaramar waya mai madannai, don haka kowa ya haddace ta bankinsa. Idan ka tura kuɗi abu ya tsaya a tsakiya, kada ka yi gaggawar sake turawa, ka fara duba abin da ya rage a asusunka, domin sau da yawa kuɗin sun fita, saƙon ne ya makara. In an cire maka a POS ba a biya ba, ka karɓi rasit ka adana, ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya tun 2020 ita ce a warware irin wannan cikin awa 72. Mai sayarwa kuma kada ya saki kaya a kan hoton rasit da aka nuna masa a waya, sai ya ga kuɗi a asusunsa, domin macuta sun mayar da raunin sabis abin fakewa. Lambar sirri kuwa ba a ba wa kowa ita da sunan zai je inda sabis yake ya tura maka.

Game da Starlink, wanda ya soma aiki a Nijeriya a Janairun 2023 kuma daga tauraron ɗan'adam yake karɓa ba ruwansa da ƙarfe, gudunsa ba abin musu ba ne, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin gida ɗaya a ƙauye, yana kuma son sararin sama a buɗe da wuta marar yankewa. Ya dace da makaranta, ko asibiti, ko ƙungiyar 'yan kasuwa da za su yi karo-karo, muddin sun rubuta sharuɗɗan biya tun farko.

Duk abin da ya gabata na mutum ɗaya ne, kuma iyakarsa ya sauƙaƙa wahala. Kafa sabon ƙarfe da jawo wayar gilashi kuwa hukuncinsu hukuncin farillar kifaya ne, in wasu ba su tashi sun nema ba laifin yana kan kowa. Hanyar nema tana nan a shimfiɗe. A fara da kiran kamfani a lamba 300, a faɗi sunan gari da irin matsalar da lokutan da take faruwa, a karɓi lambar ƙorafi a rubuta. In ba a ga gyara ba a kira NCC a 622, kyauta ne, a ba su waccan lambar. Ƙorafin mutum ɗaya yakan ɓace, amma na mutum hamsin daga gari ɗaya a cikin mako ɗaya yakan sa a turo injiniya. Sa'an nan dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman domin kai sadarwa wuraren da kamfanoni ke ganin babu riba, shi ne ya kamata a rubuta wa takarda. Tsarin da aka ƙaddamar a 2020 zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami ya yi alkawarin megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara kafin ƙarshen 2025, ma'aikatar kuma a ƙarƙashin Bosun Tijani ta yi shelar shimfiɗa wayar gilashi mai tsawon kilomita 90,000. Kowa yana iya sa manhajar Speedtest a wayarsa ya auna ya ga inda Barkiya ta tsaya daga megabit 10 ɗin nan, abin da ya gani kuwa shi ne hujjar da za a rubuta.

Amma mai nema shi ma akwai hakki a kansa. Kamfani ba ya son kafa ƙarfe inda za a sace masa batir da mai, ko inda za a tare injiniyansa a hanya, ko inda masu fili za su tsawwala masa. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne, sai dai doka tana Abuja, ƙarfe kuwa yana bayan gidajenmu, mu ne muka san wanda ke sayen batirin sata.

Saboda haka ina kira ga matasan Barkiya masu ilimin zamani da su ɗauki wata guda suna auna sabis unguwa-unguwa, safe da dare, suna rubuta rana da wuri da layi da abin da suka samu, su haɗa da adadin makarantu da shagunan POS da ɗakunan shan magani na garin. Su kai wa masu unguwanni da magajin gari su sa hannu, a nuna filin da jama'a suka yarda su bayar da waɗanda za su tsare shi, sa'an nan a miƙa kwafi ga kansila, da shugaban ƙaramar hukumar Kurfi, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi, a aika ɗaya ga USPF, a kuma riƙe ɗaya a gari domin bibiya.